Ranar da Paris Ta Riga Lyon

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Alhaji Ilya na unguwar Porte de la Chapelle da ke Paris a shekarar dubu biyu da tara ya san Moutari. In bai gan shi ba, to ya ji muryarsa. Mutumin Maradi ne, dogo, mai son kwat da ɗaurin wuya, yana zaune a Saint-Denis da matarsa Rékia da ɗiyarsu Mariam. Aikinsa gadin ƙofa ne a wani dogon bene na La Défense, inda masu cinikin hannun jari ke shiga da fita. Ya daɗe yana buɗe musu ƙofa, don haka a ganinsa abin da ya rage masa na sanin kasuwar ba shi da yawa.

Shagon Alhaji wurin buga waya gida ne, da ordinatar uku, wato kwamfutoci, a lungu da butar shayi da ba ta sauka daga wuta. 'Yan Nijar da 'yan Cadi da 'yan Kamaru duk nan suke taruwa. Da Moutari ya shigo zai rataye kwat, ya gyara murya, ya ce, "Mu a la Bourse, kasuwar hannun jari, yau mun sha wuya."

"Kai da wa?" in ji Alhaji Ilya.

"Ni da abokan aikina, Alhaji."

"Waɗanda kake riƙe ma ƙofa?"

"Ai ƙofar ita ce sirrin. Wanda ya shigo yana dariya, kasuwa ta hau. Wanda ya wuce bai amsa gaisuwa ba, ta faɗi. Duk Faransa ni nake fara sani."

Ba ya minti biyu bai ambaci Kak Karant ba, wato ma'aunin nan na manyan kamfanoni arba'in. Tsofaffin shagon da suka gaji da ji sai suka laƙaba masa Malam Kak-Karanta. Don tsokana suka sa masa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Wata Talata da ba ya aiki, yana zaune gaban ordinatar yana kallon farashin wani kamfanin siminti mai suna Dorvel, sai wayarsa ta yi ƙara. Kadidiatou ce, yayar matarsa, wadda ke aiki a wani kamfanin dillancin hannun jari a Lyon. Ta kira ne ta ji jikin Mariam da ta yi mura. Moutari bai iya barin dama irin wannan ta wuce ba.

"Yaya Kadi, kin same ni cikin aiki. Ina bin Dorvel ne, tana yuro talatin da takwas."

"Wane talatin da takwas? Ta kai arba'in, ga ta nan gabana."

"Haba Yaya, da idona nake gani."

"To ka wanke idon," ta ce tana dariya. Aka kira ta a ofis, ta ajiye waya.

Moutari ya yi tsaki, ya ce wa na kusa da shi ilimin boko ba ya hana mutum kuskure. Ya sha shayinsa. Bai kai ga ajiye kofin ba sai lambar da ke kan allo ta motsa. Talatin da tara. Ta sake motsawa. Arba'in cif.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Shafukan da ke nuna farashi kyauta suna jinkirta shi da minti goma sha biyar. Mai son ganin farashin nan take sai ya biya, ko ya buɗe asusu wurin dillali. An ma rubuta haka da ƙananan haruffa a ƙasan shafin, amma Moutari bai taɓa ganin dalilin da zai sa babban mutum ya karanta ƙananan haruffa ba. Ya ƙura wa allo ido har Alhaji ya tambaye shi ko lafiya. Can ya miƙe a hankali, ya ɗaga yatsa.

"Alhaji, damina daga ina take zo mana a Maradi?"

"Daga kudu."

"Sai ta sauka Kano kafin ta iso mu, ko?"

"Haka ne."

"Voilà. Farashi ma haka yake. Daga kudu yake tasowa. Lyon yake fara sauka, sannan ya hawo Paris."

"A jirgin ƙasa yake zuwa ko a mota?"

"Ka yi dariyarka, Alhaji. Za ka gani."

Aka kuwa gani. Moutari zai fita bakin titi da waya, ya kira Kadidiatou da sunan yana wani nazari, ya ji farashi, ya dawo ya tsaya tsakiyar shago ya rufe ido. "Nan da ɗan lokaci Dorvel za ta zama arba'in da ɗaya da santim ashirin." Mutane su taru kan allo. Lambar ta zo daidai, har santim ɗin. Ranar farko an ce dace ne. Rana ta uku wani mai sayar da turare ɗan Abéché ya tashi ya ba shi kujerarsa. Kafin mako ya fita wata dattijuwa ta zo tun daga Aubervilliers tana roƙon Malam ya duba mata ko takardar zamanta za ta fito.

"Hajiya, ni ɓangaren siminti nake," ya ce mata. "Amma ki sa rai."

Bai gaya wa Kadidiatou abin da ya gano ba. A tunaninsa da ta sani za ta riga shi arziki. Ita kuma ta fara gajiya da suruki mai kira sau shida a yini, ba sallama ba gaisuwa, sai "Dorvel nawa?" Rannan ya tara mutane, ya fita ya buga.

"Allô, Yaya, Dorvel?"

"Moutari, ni sa'arka ce? Haka aka koya maka gaida manya a Maradi?"

"Yi haƙuri, Yaya. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Dorvel..."

"Ina Rékia? Ina Mariam, ta warke? Ina labarin su Inna a gida? An gyara katangar nan da ruwa ya rushe?"

Ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya, har da wata gwaggo da ke Tessaoua wadda shi Moutari ya manta tana da rai. Da ta gama ta ce masa arba'in da biyu ne lokacin da ya kira, yanzu ba ta gaban allo, tana hanyar cin abinci. Ya shigo shago da gudu yana haki. "Za ta zama arba'in da biyu!"

"Ta zama tun ɗazu," in ji Alhaji. "Har ta koma arba'in da ɗaya. Ko kai ma daga Lyon ka taso?"

Don ya wanke wannan kunya, Moutari ya sa ranar babban nuni, ya ce kowa ya zo da abokinsa. Ya zaɓi ɗaya ga watan Mayu, tunda ranar hutun ma'aikata ce kowa yana gida. Shago ya cika har waje. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya zauna gaban allo. Lamba ba ta motsa ba. Aka jira. Aka sha shayi zagaye biyu. Lamba tana nan kamar an kafe ta da ƙusa. Ya fita ya kira Kadidiatou, ya yi gaisuwa cikakkiya, sannan ya tambaya.

"Yau? Ina gida ina suyar ƙosai. Kasuwa rufe take, Moutari. Su ma ma'aikata ne. Kuma daga yau ka bar kirana a kan Dorvel, ni ba agogon tasha ba ce."

Ya dawo ciki, ya dubi jama'a, ya gyara ɗaurin wuya. "Manyan kasuwa sun ji labarin taron nan. Sun tsorata, sun rufe."

"Kai," in ji mai turare, "ba ni kujerata."

Wani da ya sha irin wannan da ya haƙura. Moutari kuwa sai ya tuna yana da aminin ƙuruciya, Mounkaila, wanda ke aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons. Ya duba taswira, ya ga Saint-Fons tana kudu da Lyon ma, ya yi ta murna. Ya sa Mounkaila ya shiga shagon intanet na unguwarsu ya riƙa karanto masa farashi. Mounkaila bawan Allah ya buɗe shafin kyauta, irin wanda ke gaban Moutari sak.

"Arba'in da santim goma," in ji Mounkaila.

"Nan ma haka yake. Duba da kyau."

"Arba'in da santim goma, abokina."

"Kana jinkiri wajen karantawa ne. Ko hayaƙin masana'antunku ne ke tare shi. Kai dai ba ka da idon kasuwa."

Nan ya yanke shawara cewa aikin nan sai da kansa. Zai tafi Lyon ya ga farashi tun yana ɗanye, ya bugo waya Paris a saya masa kafin ya iso. Allah kuma ya kawo hanya: matar Mounkaila ta haihu, za a yi suna ranar Juma'a a Saint-Fons, an kuma roƙi Rékia ta zo ta yi girki, don sana'arta ke nan, dambu da waina da kilishi na bukukuwa.

Saura jari. Rékia ta daɗe tana tara abin da take samu don ta sayi babban firigo, wato firiji, saboda naman sana'arta yana lalace mata duk bazara. Kuɗin yana asusun da suke tare. Moutari ya ce a ransa aro ne na yini ɗaya, ranar Asabar zai saya mata firigo biyu da motar kai abinci. Ya buɗe asusu wurin wani dillali na intanet, ya tura kuɗin can. Lambobin sirri suka iso ta gidan waya ana gobe tafiya, da yamma, kasuwa ta riga ta tashi. Ya zaunar da Alhaji Ilya gaban ordinatar yana koya masa.

"Ba hannun jarin za mu saya ba, Alhaji, yana da tsada. Opsiyon za mu saya."

"Mi ke nan?"

"Kamar ka ga rago kafin Sallah, ka ba mai shi ɗan kafin alƙalami ya riƙe maka shi a farashin yau. In rago ya yi tsada, ka ci riba. Wannan shi ake kira kol."

"In Sallah ta wuce rago bai yi tsada ba?"

"Kafin alƙalami ya tahi. Amma wannan na waɗanda ba su da Lyon ne."

"Ni dai maɓalli zan danna," in ji Alhaji. "In ta ɓaci ban san ka ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zauren da Mounkaila ya kama haya ya cika. Mata na ɓangare guda da jariri, maza na ɓangare guda, Rékia na can kicin da tukwane. Moutari bai bari an gama cin abinci ba. Ya ture kwanon dambu, ya ɗora ƙaramar ordinatar da ya aro a kan tebur, ya buɗe shafinsa na kyauta, ya kira Alhaji, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji.

"Jama'a, yau za ku ga yadda ake cin kasuwa da ilimi. Jaririn nan ya zo da goshi. Alhaji, kana ji na? Nan Lyon Dorvel tana arba'in. Nan wurinku nawa?"

Alhaji yana cikin asusun dillali, inda farashi ke fitowa nan take. Aka ji yana jan hanci yana neman tabarau. "Arba'in da uku."

"A'a, Alhaji, duba layin Dorvel."

"Shi nake dubawa. Arba'in da uku."

"Ba zai yiwu ba. Bai ma iso nan ba, yaya za a yi ya iso can?"

"To ni dai ya iso ni."

Moutari ya ce tsufa ne, a yi wa Alhaji uzuri. Ya shiga bayani a kan damina da Kano don ya cika lokaci. Yana cikin yi sai wani daga baya ya ce, "Malam, dubi allonka." Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Arba'in da uku. Zaure ya ɗauki kabbara.

"Ashe Alhajin Paris ne mai gani!" in ji wani tsoho. "A tambaye shi ko mi jaririn zai zama."

Moutari ya gyara zama. Ya sassauta ɗaurin wuya. "Bon. Iska ce ta juya. Yau daga arewa yake tasowa. Wannan ma mun san da shi a la Bourse. Tunda Paris ta riga gani, a nan Lyon za mu saya. Alhaji, fita daga asusun."

Ya buɗe asusun dillalin a tasa ordinatar, gefe da gefe da shafin kyauta. Sai ga farashi biyu a allo ɗaya. Hagu arba'in da uku, dama arba'in da huɗu. Mounkaila ya leƙo ta kafaɗarsa, ya daɗe yana kallo.

"Abokina, wane gefe ne Paris?"

Dariya ta ɓarke har ɓangaren mata. Moutari ya ga in ya tsaya nan ya mutu a tsaye. Ya shiga jerin opsiyon ɗin Dorvel, ya gangara can ƙasa inda ya ga mafi arha, 'yan santim kawai kowanne. Ya danna saye da duk abin da ke asusun, ya tabbatar. Adadin da ya fito ya kai dubbai.

"Ku duba!" ya yi ihu. "Dubbai! Wa ya taɓa mallakar dubban wani abu a cikinku?"

Daidai nan Kadidiatou ta shigo, ta taso daga aiki da wuri, da kayan jariri a hannu. Ta ga maza sun yi cincirindo kan surukinta, ta matso. Ta sunkuya ta karanta allon, ta miƙe, ta sake sunkuyawa.

"Moutari, ka san abin da ka saya?"

"Kol, Yaya. Mai arha."

"Ka sayi damar sayen Dorvel a kan hamsin da biyar. Tana arba'in da huɗu. Kuma damar yau take ƙarewa, da an tashi kasuwa. Shi ya sa take da arha. Wa zai biya ka don ya sayi abu a hamsin da biyar alhali ga shi a kasuwa arba'in da huɗu?"

"Ai za ta hau. Alhaji zai gani a Paris ya..."

"Wane Paris?" Ta bi allon da kallo, ta ga shafuka biyun, ta tuna kiraye-kirayen nan, sai ta dafe kai. "Don wannan ka hana ni sakat? Farashi ɗaya ne a duk duniya, Moutari. Wannan shafin na kyauta ne, a makare yake nunawa. Ga shi an rubuta a ƙasa. Ko a Agadez ka buɗe shi haka zai yi."

Wani matashin malamin jami'a ya karanta rubutun da ƙarfi, ya fassara wa tsofaffi. Daga cikin wayar aka ji muryar Alhaji: "Wato ni ma ba ni da baiwa?"

Kadidiatou ta karɓi ordinatar ta gwada sayar da abin ko a rage asara. Babu mai saye ko ɗaya. Ta juyo. "Kuɗin wa ka zuba a nan?"

Moutari ya dubi rufi. Ya dubi jariri. Ya ce, "Jari ne na cikin gida."

Ba wanda ya lura lokacin da Rékia ta fito daga kicin. Tana tsaye da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Mariam, firigona ne?"

"Rékia, kasuwa ba ta tashi ba tukuna. Akwai sauran lokaci."

"To mu jira."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Duk zauren ya zauna tare da ita. Ba a taɓa bikin suna mai shiru irin wannan ba a Saint-Fons: mutum kusan sittin suna kallon farashin siminti. Da ta ɗan hau sai tsofaffi su ce "Bismillah," da ta sauka su ce "Ash." Moutari ya yi ta yi wa lambar magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jaki. Da aka tashi kasuwa Dorvel tana arba'in da huɗu da rabi. Dubban nan suka zama sifili.

Mounkaila ya dafa shi. "Sannu, abokina. Ka ci dambunka, ya huce."

Washegari suka hau jirgin ƙasa na komawa Paris. Rékia ta zauna bakin taga da Mariam a cinya, ba ta ce uffan ba tun daga zauren. Moutari ya jure har suka wuce gonakin bayan gari, sannan bakinsa ya gagare shi.

"Rékia, in kin duba da kyau, tunanin ba shi da laifi. Kayan aiki ne suka ci amanata. Da a ce Marseille na tahi, can ƙarshen kudu..." Ya saci kallonta. "Ba za ki ce komai ba?"

Ta gyara wa Mariam hula. "Na riga na faɗi maganata tun a Lyon, Baban Mariam. A makare kake ji. Za ta iske ka a Paris."

Ta kuwa iske shi. Maƙwabtansu na hawa na huɗu sun ce har su sun ji isowarta. Daga wannan makon har ƙarshen bazara, duk wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na goma sha uku ranar Asabar zai ga wani dogon mutum da kwat mai ruwan toka, rungume da akwatin ƙanƙara a kowane hannu, yana kai naman Rékia ajiya gidajen mutanen da ke da firigo. Wani ɗan Zinder da ya taimaka masa ya sauke kayan a tasha ya tambaye shi sana'arsa.

Moutari ya ajiye akwatunan, ya gyara ɗaurin wuya. "Na bar ɓangaren siminti," ya ce. "Yanzu mu a harkar nama muke."